Bututun da Aka Binne a Tsaye

Mama Jerop ce ta fara ganin gawar. Ita ke dafa wa ma'aikatan gidan maganin maciji shayi. Ta shiga garke da sassafe neman madara, ta iske likitan gidan, Daktari Wekesa, kwance rub da ciki a cikin kashin raƙuma. An fasa masa ƙeya. Ba bugu ɗaya ba ne. Wanda ya yi aikin ya ci gaba da duka bayan mutumin ya daina motsi. Kusa da kansa ga kulki, jini da gashi sun daskare a bakinsa.

Kowa a ƙauyenmu ya san kulkin. Na Domongole ne, ɗan ƙabilar Pokot, maƙwabtanmu, mai raƙuman da ake ɗibar jininsu a gidan.

Kafin a aiko kirana an riga an kama shi. A bakin rijiya suka same shi yana shayar da dabbobi. Suka ja shi a ƙasa har ƙofar ofishin Cif Kimosop, suka ɗaure shi a jikin itace, suka karya masa hannun dama. Suka jawo taguwarsa ɗaya suka soke ta da mashi a gabansa, suka bar ta tana shure-shure. Da na iso wani ya riga ya mirgino tsohuwar taya, wani ya tafi wurin masu babur neman fetur.

Cif ya ja ni gefe. An yi ruwa a kan duwatsu, kogin Perkerra ya cika, motar 'yan sandan Marigat ba za ta ƙetaro ba sai ya janye. Ya ce iyakar ƙoƙarinsa ya riƙe mutane zuwa faɗuwar rana.

"Mzee Yatich, duba mana ƙasa," in ji shi. Mzee ake ce wa dattijo a wajenmu.

Ni da Pokot ba ma jituwa. Na tsufa ina bin sawun shanunmu da suka kora, tabon kibiyarsu na nan a cinyata. Chebon ya san haka. Shi ne a gaban taron, da adda a hannu. Maciji ya sari matarsa a watan da ya wuce, aka kawo ta gidan magani da wuri, aka yi mata allura, ta mutu duk da haka. Bayanta wasu biyu suka bi. Tun lokacin ake cewa ɗan Pokot ne ya ɓata jinin raƙumansa don mu ƙare.

"Me za a duba, Mzee?" in ji Chebon. "Kai ka fi kowa saninsu."

"Na san su. Shi ya sa zan duba. Wanda ya ƙyasta ashana kafin in dawo, sawunsa zan bi."

Na tsuguna gaban Domongole. Ido ɗaya ya rufe don kumburi, leɓensa ya tsage. Ƙafarsa na fara dubawa. Takalmin taya ne, sabo. Ya ce tsohon takalmin yana barinsa a ƙofar ɗakin ɗibar jini tare da kulkin, don ba a yarda a shiga da su, can suke kwana. Ya amsa cewa sun yi cacar baki da Daktari shekaranjiya a kan wata taguwa mai ciki da aka so a ɗebi jininta. Ya ce ya zagi Daktari, Daktari ya zage shi, suka zauna suka sha shayi.

Sai ya ɗago idon da ya rage. "Kai ne ka bi ubana har ƙasarmu Tiaty?"

"Ni ne."

"Ya ce kana da ido, ba ka da ƙafa."

"Ubanka ɓarawo ne."

"Ya iya kuwa." Ya tofar da jini. "Tsoho, in duba za ka yi, yi sauri. Na ga jarkar fetur ta iso."

* * *

Garken ba shi da sauran amfani, rabin ƙauye ya shiga kallon gawa ya tattake shi. Na wuce ɗakin aiki.

Mutum biyu na samu. Daktari Jematia, 'yar gidan Kandie, ta ƙasarmu ce, abokiyar aikin mamacin. Sai Nyakundi, mutumin Kisii, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan. Shi ke tafiyar da injuna, shi ke wanke kaya. Yana zaune a kujera cikin dogon takalmin roba irin na aikinsu, idonsa ja.

Na ce a gaya mini abin da ya ɓace da abin da yake yi, a gajarce. Jematia ta yi bayani. Ga yadda na ɗauka.

Ana yi wa raƙumi allurar dafin maciji kaɗan-kaɗan, har jininsa ya haifi wasu mayaƙa masu kama dafi. Su ne maganin. Amma a gauraye suke da sauran tarkacen jini, sai an tsamo su. Ana bi da jinin ta cikin wani bututun gilashi, tsawon kamu ɗaya, cike da farin tsaki kamar jiƙaƙƙen gero. A jikin tsakin akwai wani abu da ido ba ya gani, furotin suke ce masa. Shi ke cafke mayaƙan ya bar tarkacen ya wuce. Bayan kowane aiki sai a wanke bututun da soda, irin ta sabulu mai ƙona fata. Sodar na cinye datti, tana kuma cin furotin ɗin a hankali, har ranar da zai kasa cafke komai. Aikin Daktari Wekesa ke nan shekara da shekaru: yana canja wa furotin ɗin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, don ya jure soda ya jure zafin ƙasarmu.

Bututu biyu ne a gidan. Sabon, mai furotin ɗin Daktari, bai daɗe da kammala ba, ba a fara magani da shi ba tukuna. Yana nan a kan tebur. Tsohon, wanda aka yi duk maganin bana da shi, shi aka ɗauke daga ɗakin sanyi.

Nyakundi ya ce wannan kaɗai ya isa shaida. Sabon shi ne mai daraja, duk wanda ya san aikin shi zai ɗauka. "Makiyayi ne, Mzee. Ya ga gilashi a ɗakin sanyi ya zaci abin kirki ne."

Jematia ba ta ce komai ba. Ƙasa take kallo. Na lura.

Na kai hannu na ɗan karkata sabon bututun in ga tsakin. Su biyun suka miƙo hannu lokaci guda, kamar na ɗaga jariri da ƙafa ɗaya. Nyakundi, daga inda yake zaune, ya ce ba a kwantar da shi, ba a barin ruwansa ya tsiyaye, ba a barin iska ta shiga. In ya bushe ya mutu. Ya ce wannan shi ne abu na farko da ake koya wa duk wanda ya shigo ɗakin. Na mayar musu da abinsu.

A ƙofar ɗakin ɗibar jini babu tsohon takalmin Domongole.

* * *

Mama Jerop na bayan madafa tana wanke kofunan da ta riga ta wanke. Ta ce jiya da rana ta ji likitocin biyu suna ɗaga wa juna murya. Ba ta ji duka ba, amma ta ji Jematia ta ce, ko ya faɗa ko ita ta faɗa. Ta ce kuma in duba Lekesio, mai kamo musu macizai, don da safe ta ga jini a wandonsa. Ta ƙara da cewa mutumin da ke sa hannu a ramin kumurci babu abin da ba zai iya ba. Na san ba sa shiri tun da ya ajiye mata macijin nan kasa a cikin tukunyar tuwon ugali.

Na sami Lekesio kwance a inuwa, ya rufe fuska da hula, warin giya ya riga ni isa. Jinin na nan a wandonsa. Na taka masa ƙafa ya tashi.

Ya ce akuya ya yanka a gidan surukansa, an yi suna, can ya kwana, in je in tambayi dangin matarsa, su da ba su taɓa faɗin alherinsa ba. Na ce ko ya taɓa samun saɓani da Daktari.

"Mzee, ni macizai nake kamawa da hannu. In na kashe Daktari, wa zai yi mini allura ranar da kububuwa ta ci nasara? Mama Jerop?"

Na dubi ƙafarsa. Kamar faranti. Ba za ta shiga takalmin Domongole ba ko an yanke yatsu. Na bar shi ya koma barci.

* * *

Na zagaya bayan shinge. Ƙasa ta ɗan jiƙa, tana riƙe sawu. A wata kafa ta bayan garke na same shi: takalmin taya, na hagu da ƙullin waya a gefe. Tsohon takalmin Domongole. Da mutanen Chebon ne suka ga wannan, da tuni hayaƙi ya tashi.

Na bi shi. Takalmin na makiyayi ne, tafiyar ba tasa ba. Makiyayi na buɗe ƙafa, yana taka ƙasa da gaban tafi, ramin sandarsa na bin gefe. Wannan taku gajere yake yi, yana danna diddige, babu sanda. Hannunsa biyu na rungume da abu a ƙirji, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.

Sai ya kutsa kai tsaye cikin kurmin matenge. Ko akuya ta fi haka hankali. Ƙayar matenge na huda tayar mota, kuma in ta shiga jiki wurin kumbura yake yi kamar sarar maciji. Ba a yi nisa ba ta same shi, ta gefen takalmi, a tsakiyar tafin hagu. Ya zauna. Ga gurbin zamansa, ga ɗigon jini. Na tsinci ƙayar da ya zare ya yar. Bakinta ya karye, yana cikin ƙafarsa. Na sa ta a aljihu.

Abin da ya tsayar da ni ba jinin ba ne. Gefen inda ya zauna akwai zagayen shaida a cikin yashi, kamar gindin kofi, da duwatsu biyu a kowane gefe. Ya tsayar da kayansa, ya tokare shi da duwatsu, sannan ya duba ƙafarsa. Mutum da ƙaya a tafi ya tsaya neman duwatsu.

Daga nan ɗingishi ya yi har kwazazzabo. A can akwai wani babban dutse. Ya tsaya gabansa ya daɗe, sawu a kan sawu, ya matsa gaba, ya ja baya, ya sake matsawa. Na duba jikin dutsen da gindinsa. Babu ɓarɓashin gilashi ko ɗaya.

Sawun ya juya zuwa ƙarƙashin gaɓa, gefen da rana ba ta kaiwa. Ya haƙa da hannu. Na share ƙasar a hankali. Bututun na nan. A tsaye aka binne shi, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, an toshe bakinsa sama da ƙasa, ruwansa cike har wuya.

Ban taɓa shi ba. Na bi sawun dawowa, ya hau kan titin marmara ya ɓace. Takalmin na cikin ciyawa inda ya jefar, na ɗauka.

* * *

Na koma na ce wa Jematia ta biyo ni, kada ta gaya wa kowa. Na sa ta a gaba. Ba ta ɗingishi, ƙafarta ƙarama ce.

Da ta ga bututun sai ta zauna a ƙasa. Ta taɓa buhun, ta taɓa marfin sama, ta gwada ko ya ɗauru. Ya ɗauru.

Na ce, "'Yar Kandie, na san ubanki. Me kika ce Wekesa ya faɗa ko ke ki faɗa?"

Ta gaya mini. Bayan mutuwa ta uku Wekesa ya gwada sauran kwalaben maganin, ya iske kusan ruwa ne zalla, babu mayaƙa a ciki. Ita ta ce a sanar da mutane nan take. Shi ya ce sai ya san dalili, don dalilin biyu ne: ko jinin raƙuman ne ba komai a cikinsa, ko tsohon bututun ne ya mutu bai cafke komai ba. In aka faɗa ba a tantance ba, ƙauyen Domongole zai kashe. Yau da safe ya yi niyyar gwada bututun. Ta ce shirun da ta yi ɗazu tsoro ne. In ta ce maganin ruwa ne a gaban masu adda, gidan za su ƙona da su a ciki.

"Yanzu ana iya gwada shi?"

"Ana iya. Da fasa shi aka yi, ko aka bar shi ya bushe, da babu abin da zai gaya mana. Busasshen bututu matacce ne ko da lafiyarsa ƙalau jiya. Amma wannan yadda yake jiya haka yake yau." Ta kalli ramin. "Wanda ya so ya ɓatar da shi, shi ya adana mana shi."

Ta ce gwajin sai gobe zai fito. Na ce ba mu da gobe. Na tambaye ta wa ke duba bututun bayan kowane wanki ya ce yana cafkewa ko ba ya cafkewa.

Ta gyara buhun a jikin bututun.

"Wanda ya koya mini yadda ake riƙe shi ne," in ji ta.

Ta ciro bututun ta rungume, muka dawo. Ni na zaɓi hanya.

* * *

Rana ta yi ƙasa. An riga an rataya wa Domongole tayar a wuya, an zuba masa fetur, warin har bakin hanya. Cif na tsaye gabansa, muryarsa ta dashe. Taguwar ta mutu, ƙudaje sun rufe ta.

Na ce a kawo mini duk ma'aikatan gidan a jere su. Aka kawo Mama Jerop da Lekesio. Nyakundi ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Na ce a ɗauko shi a babur. Aka ɗauko shi, aka ba shi benci.

Na ɗaga tsohon takalmin tayar na nuna. Taron ya yi gurnani ya matso. Na jira suka yi shiru, sannan na faɗi abin da ƙasa ta nuna, daga kafar shinge har kwazazzabo. Na faɗi duwatsu biyun. Na faɗi yadda na sami bututun. Jematia na tsaye da shi a ƙirji, buhun na ɗiga.

Na ce, "Ku duka kun san Pokot. In ɗan Pokot ya saci abu ya ga ba shi da amfani, me yake yi da shi?"

Wani daga baya ya ce jefarwa yake yi ya wuce.

"Wannan ya nema masa inuwa. Ya jiƙa masa buhu. Ya toshe masa baki kada iska ta shiga. Wanda ya yi haka ba jiya ya fara ba."

Chebon ya ce ni tsufa ya kama ni, ko ɗan Pokot ya yi mini alkawarin raƙumi. Na ce ya maimaita in ya gama ganin abin da zan nuna masa. Sannan na ce kowa a jeren ya cire takalmi.

Mama Jerop ta cire. Jematia ta cire. Lekesio ya cire, ya ce duk wanda ya suma ba ruwansa, rabonsa da wanke ƙafafunsa tun bikin Ista. Ba wanda ya yi dariya. Na ɗaga tafin Domongole na nuna wa Chebon da kansa. Kaushi ne kamar fatar ɓauna, babu huda.

Nyakundi ya cire na dama. Na hagu ya ƙi fita. Ya ja, gumi na zuba masa. Na zaro wuƙa na tsaga robar daga sama har ƙasa.

Ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana sheƙi. A tsakiyar tafin ga baƙin ɗigo. Na danna da babban yatsa. Ya yi ƙara. Bakin ƙaya ya fito da ruwa da jini. Na ciro ta aljihuna na haɗa su a tafin hannuna, na miƙa wa Cif.

Nyakundi ya kalli bututun, bai kalli kowa ba.

"Tun kafin damina na ga ya fara saki," in ji shi. "Sabon bai gama ba. Mutane na kwance a ƙofarmu, ƙafafu kamar turmi, 'yan uwansu na kuka. In na ce ya mutu, sai a rufe gida a ce su tafi. Na ce yana cafkewa. Na ce sau ɗaya ne, zai kai mu." Ya share fuska. "Da matarka ta rasu, Chebon, sai na ga ba ni da hanyar komawa. Na sake cewa yana cafkewa."

Ya ce jiya da yamma Daktari ya gaya masa zai gwada bututun da safe, ya fito masa da shi. Daktari bai zarge shi ba, bai ma kawo shi a ransa ba. Ya juya ya tafi duba raƙuma. Shi kuma ya bi bayansa, ya ga kulki a ƙofa.

Na ce, "Ka tsaya gaban dutse. Me ya hana ka fasa shi?"

"Na ɗaga shi, Mzee. Na ɗaga shi ya fi sau nawa. Tun ina saurayi ban taɓa barin bututu ya bushe a hannuna ba."

Chebon bai yi ihu ba. Takowa ya yi ya kai sara. Nyakundi ya ɗaga hannu ya tare, addar ta raba hannun a ƙasan gwiwa, ya rage fata kawai ke riƙe da shi. Jini ya feshe ni har fuska. Taron ya ɓalle. Dutse ya sami Nyakundi a baki, wani ya fasa wa Cif goshi. Lekesio ya rungumi Chebon ta baya kamar yadda yake kama kumurci, suka faɗi tare. Jematia ta danƙa wa Mama Jerop bututun, ta kama Nyakundi a kwala, ita da Cif suka ja shi cikin ofis suka danna ƙofar ƙarfe. Daga ciki ta ɗaure dungulmin da ɗamarar Cif. Mutane suka yi ta dukan ƙofar da duwatsu, wani ya watsa mata sauran fetur ɗin. Cif ya leƙo ta taga da jini a fuska yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, da sunayen iyayensu, har masu ashana suka mayar da ita aljihu.

Duk wannan ana yi, Domongole na ɗaure a jikin itace da taya a wuya. An manta da shi. Ni na yanke igiyar, na cire tayar. Ya zube a ƙasa. Na sa mata suka kawo ruwa da toka aka wanke masa fetur ɗin. Waɗanda suka karya masa hannu suna tsaye suna kallo. Babu wanda ya ce masa sannu.

* * *

Jematia ta fito ta ɗaure masa hannun da tsinke da ƙyalle. Tana ɗaurewa tana roƙonsa. Ta ce sabon bututun ya kammala, an wanke shi da soda an sake wankewa bai saki ba, jini kawai yake jira. Ta ce damina ta fara, macizai sun fito, babu wasu raƙuman da aka yi wa allurar dafi a duk yankin sai nasa. In ya tafi, sai an shekara kafin a sami wasu.

Ya saurare ta har ta gama. Ya dubi ɗaurin.

"Kin ɗaure da kyau, Daktari," in ji shi.

Da gari ya waye garken babu komai. 'Yan sanda sun iso da hantsi, suka tafi da Nyakundi da ransa, da hannu ɗaya. Suka tafi da Chebon. Gwajin Jematia ya fito kamar yadda muka sani: bututun matacce ne, jinin raƙuman lafiyarsa ƙalau.

Cif ya zo gidana da tsumma a goshi. Ya ce in bi Domongole in ba shi haƙuri a madadin ƙauye, in dawo da shi. Ya ce ni kaɗai zai saurara. Na ce zan bi sawun.

Na bi. Raƙuman na gaba, shi yana baya a ƙafa, yana jan ta dama. Ya faɗi a wani wuri, ga gurbin kafaɗarsa, ya tashi. Ya sake faɗi ya yi amai, ya tashi. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Mai waiwaye na karkata diddige, nasa a miƙe yake. A kwarin da ke iyakarmu da su sawun mutum ya ƙare. Wata taguwa ta durƙusa, ya hau da hannu ɗaya, ta tashi da shi. Daga can sawun raƙuma ne kawai, sun miƙe arewa, ba gaggawa.

Kashinsu da ɗumi. Da na so, da na cim masa kafin rana ta faɗi.

Na zauna a kan dutse na shaƙi tabata. Sannan na juyo gida.